KULA DA KEKEN AIKI: MARIƘI DA SAURAN ƘANANAN GYARE-GYARE

An shirya wannan takarda ne domin hakimai da malamansu, da dukan wanda aka danƙa wa amanar kekunan aiki a gunduma. Ba ta maganar babban gyara, irin wanda sai an kai wa mai sana'a. Maganarta ƙananan abubuwa ne waɗanda mai keke zai iya yi da hannunsa a zaure, da safe, kafin ya kama hanya.

Ko da ya ke babur da wayar hannu sun rage wa keke aiki ƙwarai, har yanzu akwai saƙon da ba ya isa sai an kai shi hannu da hannu, kamar takarda mai hatimi zuwa ga dagaci. Akwai kuma malamin gona da malamin asibiti da duba-gari, waɗanda aikinsu na bin ƙauyuka ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da yawa da suka jingine kekunansu sun koma sun karkaɗe su. A Maiduguri kuwa, inda aka hana hawan babur a cikin gari a 2011, keke ya daɗe da zama abin hawan malamai da 'yan makaranta da 'yan kasuwa.

Keke mai ƙafa biyu daidai da juna, wanda sarƙa ke juya ƙafarsa ta baya, ya karɓu ne daga wanda John Kemp Starley ya ƙera a Coventry ta ƙasar Ingila a 1885. A 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya sa wa keken ɗansa taya mai iska. Baƙin keken nan mai birkin sanda, wanda kamfanin Raleigh na Nottingham ya yi suna da shi, shi ne ya cika ƙasar nan a zamanin En'e. Kamfanin ya daina harhaɗa keke a Nottingham a 2002, kuma yawancin sababbin kekunan da ke kasuwa yau daga Sin da Indiya su ke zuwa, kamar Phoenix da Hero, ban da na gwanjo masu giya. Amma ƙirar ba ta sāke sosai ba, saboda haka bayanin da ke biye ya shafi tsoho da sabo.

MARIƘI

A wuri uku kaɗai mahayi ke taɓa kekensa, watau sirdi da feda da kai. A cikin ukun nan kai shi ne linzami. Da shi a ke juya keke, a jikinsa birki ya ke, a kansa kuma mahayi ke dogara in hanya ta yi gargada. Robar nan guda biyu da a ke cusawa a bakin kan keke dama da hagu, wadda a ke kira mariƙi ko robar hannu, tana cikin mafi arahar kayan keke duka. Ita ce kuma aka fi rainawa. Sau da yawa a kan ga keke an wanke shi, an ɗaura masa madubi biyu da tuntaye, amma mariƙinsa ɗaya ya tsage, ɗaya kuwa babu shi sam.

Ɓarnar da mugun mariƙi ke yi ba ƙarama ba ce. Alal misali, masinja ya taso daga ƙauye da damina da amsar dagaci a aljihu. Ruwa ya taɓa shi a hanya, ya shiga tsakanin roba da ƙarfe, gama robar dā ma ta yi sako-sako. Ya zo gangaren rafi, ya fizgi kan keke don ya kauce wa rami, sai robar ta zare ta biyo hannunsa. A wannan lokaci hannu ya rabu da kai, ya rabu da birki, babu abin da ya rage sai faɗuwa. Ba gudu ne ya kā da shi ba, ba kuma rashin iya hawa ba.

In ya fāɗi, haɗari na biyu na jiransa. Kan keke bututu ne, bakinsa kuwa in ba a rufe ba yana da kaifi kamar abin huda fata na dukawa. Sa'ad da ƙafar gaba ta karkace, bakin nan ya kan juyo ya fuskanci ciki ko cinyar mahayi, nauyin jikinsa ya danna shi a kai. Likitoci sun san irin wannan rauni, musamman ga yara. Wani lokaci a waje ba a ganin kome sai ɗan zagayen tabo, alhali a ciki an taɓa hanji ko saifa ko hanta. Duk wanda kan keke ya buga a ciki, in yana jin ciwo ko amai ko jiri, a kai shi asibiti ran nan, kada a tsaya jiran gobe. Saboda haka mariƙin da bakinsa ya huje har ƙarfe ya leƙo, aikinsa ya ƙare, ko da sauran jikinsa na da kyau. In ba a sami sabo nan da nan ba, a sa masassaƙi ya fiƙe ɗan guntun itace, a toshe bakin bututun da shi tam, a bar kansa da faɗi a waje.

Ɓarna ta uku a hankali ta ke zuwa, shi ya sa ba a cika danganta ta da keke ba. Akwai wata jijiya da ta biyo ta gindin tafin hannu, ta gefen ƙaramin yatsa. In mutum ya daɗe yana dogara a kan abu mai tauri, ga girgizar hanya, jijiyar ta kan matsu. Sai ƙaramin yatsa da na kusa da shi su mutu, ko kuwa ya ji kamar ana tsira musu allura. Wata jijiyar kuma ta bi ta tsakiyar wuyan hannu, ita ke kai ji ga babban yatsa da biyun da ke biye da shi, ta kan matsu in wuyan hannu ya lanƙwashe baya. Ga manomi wannan damuwa ce, amma ga malamin da zai sauka daga keke ya ɗauki alƙalami ya cika rajista, abin ya fi haka. In mutuwar yatsun ta wuce bayan an huta kaɗan, gyaran keke ya isa. In ta kwana biyu ba ta tafi ba, ko hannu ya rasa ƙarfin riƙo, a nemi likita.

To, yaya a ke zaɓen na kirki?

Abu na fari shi ne awo. Kaurin bututun kan keke, a daidai inda a ke riƙewa, milimita 22.2 ne, watau kashi bakwai cikin takwas na inci. Wannan awo ɗaya ne a baƙin keke da keken gwanjo mai giya, saboda haka mariƙin wannan ya kan shiga wancan. Waɗanda suka fita daban su ne keken tsere mai lanƙwasasshen kai, wanda ba a sa masa roba sai dai a naɗe shi da ƙyalle na musamman, da wasu kekunan ƙananan yara masu siririn kai. A nan akwai wurin lura. Wani mai shago, in ba shi da na keke, ya kan miƙo na babur ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. A babur, robar dama ta fi ta hagu faɗin rami, domin a kan abin murɗa mai ta ke zama. In aka sa su a keke, ta hagu za ta kama, ta dama kuwa za ta yi ta juyawa.

Tsawon mariƙi ya kan kai milimita 130, wajen inci biyar ke nan. Keken da a ke sāke masa giya ta murɗa hannu yana bukatar gajere a wannan gefe. Ya kamata tafin hannu duka ya zauna a kan roba, kada gefensa ya sauka a kan ƙarfe, kada kuma robar ta tokare hannun birki.

Kauri kuwa ya danganta ga hannun mai hawa, ba ga ganin ido ba. Mai saye ya riƙe robar a shago kamar yadda zai riƙe ta a hanya. In kan yatsansa na tsakiya ya kusa taɓa gindin babban yatsa, ta yi daidai. In yatsu sun zagayo har farce na shiga tafi, ta yi siriri, zai riƙa damƙe ta da ƙarfi har damtse ya gaji. In kuwa akwai tazara mai yawa, ta yi kauri, yatsu ba za su kai ga birki da sauri ba. Don haka ya fi kyau a tura mai hawan keken da kansa kasuwa, maimakon malami ya sayo dozin iri ɗaya ya rarraba.

Sa'an nan sai abin da aka yi ta da shi. Mai tauri, irin wadda ta kan zo da sabon baƙin keke, tana da sauƙin wankewa, amma ba ta rage girgiza, tana santsi in hannu ya yi gumi, rana kuma ta kan busar da ita ta tsage. Ta soso tana da daɗin riƙo ranar farko, sai dai tana shan gumi da ruwan sama, ba ta kuma jure jingina a bango. Ta fata, wadda baduku ya ɗinka, tana da kyau da rani, tana kuma bin siffar hannu in ta kwana biyu, amma tana son a riƙa shafa mata mai kaɗan a kuma kiyaye ta daga ruwa. Ya fi kyau a ɗinka fatar a kan roba, ba a kan ƙarfe tsirara ba. Ga keken aiki wanda ke fita rani da damina, babu kamar roba mai matsakaicin taushi, mai ƙananan zane a jiki, mai kauri a bakin da ya rufe. A danna ta da babban yatsa: ta kirki ta kan lotsa kaɗan ta komo. A lanƙwasa ta: in farin layi ko ƙananan tsaga sun bayyana, ta tsufa a shago. Wadda ke manne wa hannu kamar ƙaro, zafi ya riga ya lalata ta. Masu manyan ƙuraje kuwa, waɗanda samari ke so don ado, su ne ke sa bororo da kanta a doguwar tafiya.

Akwai wasu iri biyu da suka shigo daga baya, ana samunsu a manyan kasuwanni. Ɗaya tana da zoben ƙarfe a baki, wanda a ke ɗaurewa da ɗan makulli mai kusurwa shida. Wannan ba ta zarewa ko an sha ruwa, cire ta kuma ba wuya, amma sai an riƙa duba ƙusar zoben. Ɗayar tana da faɗi kamar ganye a inda gindin tafi ke zama, domin ta baza nauyi a rage matsin jijiya. Tana taimakon mai doguwar tafiya ƙwarai, in an daidaita ta yadda wuyan hannu zai miƙe sosai da damtse. Dukansu sun fi tsada. Araha dai ba ta ado, amma ba lalle ne kowane keke ya sami irin waɗannan ba. A fara da na wanda ya fi nisan zango.

CIREWA DA SAWA

In tsohuwar roba ta riga ta lalace, a tsaga ta da reza a tsaye, a ɓare. In ana so a sāke amfani da ita, a zura siririn sukundireba a ƙarƙashinta a hankali, a ɗiga ruwa ta wurin, a yi ta murɗawa har ta saki. Daga nan a goge bututun. In da tsatsa a kankare da samfefa, in da maiƙo a wanke shi sarai, a bari ya bushe.

Kuskuren da aka fi yi wajen sa sabuwa shi ne shafa mai. Mutum ya ga roba ta ƙi shiga, sai ya shafa giris ko baƙin mai ko kananzir, ta shige sumul, ya yi murna. Abin da ya shigar da ita cikin sauƙi, shi zai fitar da ita cikin sauƙi, gama mai ba ya bushewa, yana kuma cin roba. Sabulu ma ba shi da kyau, domin ko ya bushe, ranar da ruwan sama ya shiga sai santsinsa ya farka. Abin da ya dace shi ne a jiƙa robar cikin ruwan zafi na 'yan mintoci don ta yi laushi, a yarfe ruwan, a cusa ta ana murɗawa tun tana da ɗumi. Wanda ke da sifirit ya zuba kaɗan a ciki, ya fi ruwa saurin bushewa. A ƙarasa tura ta da tafin hannu. Kada a buga da guduma, domin bakin bututu zai yanke bakin robar daga ciki tun ba a hau ba. Masu dabara su kan jefa tsohon kuɗin ƙarfe, wanda faɗinsa ya kai na bakin bututun, a cikin robar kafin su cusa, don ya tsare ta daga kaifin ƙarfe in keke ya fāɗi.

Bayan an sa, a bar keken ya kwana. Da safe a kama kowace roba da hannu biyu a murɗa da ƙarfi. In ta motsa, a cire, a shafa sholisho kaɗan a jikin bututu, a mayar, a sāke barinta ta kwana.

Wani lokaci a kan sāke mariƙi amma hannu bai daina ciwo ba. To, laifin ba na roba ba ne. A duba sirdi. In hancinsa ya sunkuya ƙasa, mahayi zai riƙa zamewa gaba, nauyinsa duka ya koma kan hannu. A daidaita shi ya kwanta sosai. Tsayinsa kuwa, in mahayi ya zauna ya ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarsa ta miƙe ba tare da ya karkata ba. In kai ya yi ƙasa da yawa a ɗaga shi, amma akwai layi da aka zana a jikin sandar kai da ta sirdi, wanda bai kamata ya fito fili ba. In ya fito, abin da ya rage a ciki bai isa ya riƙe ba.

BIRKI

Daga mariƙi yatsu ke miƙawa zuwa birki, saboda haka tare a ke duba su. A matse hannun birki da ƙarfi: in ya taɓa roba, birkin ya yi sako-sako. A baƙin keke ana ɗaure shi ta notin da ke jikin sanda, a na waya kuwa ta inda aka damƙe wayar. A bar tazara kamar milimita 2 ko 3 tsakanin robar birki da ƙarfen wili. Wayar da ta fara warwarewa, ko sili ɗaya ne ya tsinke, a sāke ta.

Akwai wani abu ƙarami wanda ko masu gyara su kan yi kuskurensa in suna sauri. A yawancin baƙaƙen kekuna robar birki tana zaune ne cikin ɗan gidan ƙarfe, wanda bakinsa ɗaya a rufe ya ke, ɗaya a buɗe. Tilas rufaffen bakin ya dubi gaba, watau inda wili ke turawa. In aka juya shi, ranar da aka ja birki da ƙarfi wili zai fizge robar ya jefar, a bar ƙarfe yana gugar ƙarfe. Malami zai iya duba wannan da ido cikin daƙiƙa kaɗan.

A sani kuma wilin ƙarfe mai ƙyalli, in ya jiƙe, birki ba ya kama shi sai ya yi 'yan juyi ya share ruwan. Bayan an ƙetare rafi, ko ana cikin ruwan sama, a riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan tun kafin a bukace shi. Kada mai ya taɓa wurin da birki ke kamawa ko kaɗan.

TAYA DA FACI

Awon tayar baƙin keke inci 28 ne da ɗaya da rabi, a rubuce ya ke a gefenta, tare da yawan iskar da ta ke ɗauka. Inda babu ma'aunin iska, a danna da babban yatsa: kada ta lotsa sai da ƙyar. Taya mai ƙarancin iska tana gajiyar da mahayi, tana tsagewa ta gefe, in kuma ta hau dutse sai ƙarfen wili ya cije robar ciki, watau tif, ya bar huda biyu kusa da juna kamar saran maciji. Wanda ya ga irin wannan huda ya san ba ƙaya ba ce, rowar famfo ce. Da bazara kada a bar keke a tsakar rana, zafi na ƙara matsin iska yana kuma tsofar da roba.

Kafin a kwance wili don neman faci, a fara duba bawul. A shafa yawu a bakinsa, in ya yi kumfa to nan iskar ke fita. A tsohon irin bawul akwai wata 'yar siririyar roba a ciki wadda zafi ke cinyewa, sāke ta aikin minti ɗaya ne. In ba bawul ba ne, a fito da tif, a ba shi iska, a bi shi cikin kwanon ruwa har a ga inda kumfa ke tashi. A share wurin ya bushe, a kankare da samfefa, a shafa sholisho siriri. Sa'an nan a jira kamar minti 5, har ya daina ƙyalli. Gaggawa a nan ita ke sa faci ya tashi, domin sholisho ɗanye ba ya kamawa. A ɗora facin a danna sosai. Kafin a mayar, a bi cikin taya da yatsa a hankali a nemo abin da ya huda, gama ƙayar tsidau ta kan karye ta zauna a ciki ta jira sabon tif. Shi kuwa sholisho a ajiye shi inda yara ba za su kai ba, an san yadda wasu ke shaƙarsa su lalata kansu.

SARƘA DA BORIS

Sarƙa na son mai, amma kaɗan. Da hunturu, in ƙura ta haɗu da mai mai yawa, su kan zama wani baƙin kwaɓi wanda ke cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. A fara goge sarƙa da tsumma, a ɗiga ɗigo ɗaya a kowace gaɓa ana juya feda baya, a bari ya shiga, sa'an nan a goge na waje duka. Man keken ɗinki ya yi, sabon man inji ma ya yi. Baƙin man da aka juye daga mota cike ya ke da garin ƙarfe. Man gyaɗa da manja kuwa su kan daskare su yi danƙo. Murfin sarƙa da ya zo da keke kada a cire shi don yana ƙara, a gyara shi. Shi ke tsare sarƙa daga yashi, shi ke tsare bakin wando da babbar riga daga sarƙa.

A keke marar giya, in aka ɗaga sarƙa da yatsa a tsakiya, ta motsa kamar rabin inci. In ta fi haka za ta riƙa zamewa, in ta yi tauri za ta ci boris. Ana iya gane tsufanta da ma'auni. Tsakanin kowace ƙusa da ta gaba rabin inci ne, saboda haka a sabuwar sarƙa, in aka fara awo daga tsakiyar ƙusa, alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wata ƙusa. In ƙusar ta wuce alamar da kashi ɗaya cikin takwas na inci, sarƙa ta ƙare, kuma mai yiwuwa ta riga ta fara cin haƙoran da ta ke bi.

Boris ba a ganinsa, amma ana jinsa. A kama wili a girgiza shi gefe da gefe. A matse birkin gaba a tura keke gaba da baya. A kama ƙarfen feda a jijjiga. Duk inda aka ji ƙwas-ƙwas, wurin na son ɗauri. Sau ɗaya a shekara, da kaka bayan ruwa ya ɗauke, a kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke ya cika da sabon giris. Wanda zai kwance feda da kansa ya tuna ta hagu a juye zarenta ya ke, inda a ke murɗa sauran notuna don ɗaurewa, nan a ke murɗa ta don kwancewa. An lalata ƙarfen feda da yawa saboda rashin sanin wannan. Wayar wili ɗaya in ta tsinke a sāke ta cikin makon, domin nauyinta kan maƙwabtanta ya ke komawa, su ma su bi ta, wili ya karkace.

ABIN DA YA SHAFI OFISHIN HAKIMI

Keken da kowa ke ɗauka ba wanda ke ba shi iska. Ya kamata kowane keken aiki ya zama a hannun mutum ɗaya sananne, malami kuma ya buɗe masa shafi a littafi. A rubuta sunan ƙirarsa, da lambar da aka buga a jikin ƙarfensa, wadda a kan samu a ƙarƙashin mahaɗar feda ko kusa da gindin sirdi, da ranar da aka saya, da wanda ke riƙe da shi. Lambar nan ita ce shaida in an sace. Duk abin da aka sāke a rubuta da kwanan wata, a kuma kawo tsohon a nuna kafin a biya kuɗin sabo. Bayan shekara littafin zai nuna wanda hanyarsa ce mai wuya da wanda hannunsa ne mai ɓarna.

A sa rana ɗaya a mako, kamar Alhamis da yamma, a jera kekunan a ƙofar fada. Malami ya bi su ɗaya-ɗaya, ya murɗa mariƙi, ya dubi bakinsa, ya matse birki, ya danna taya, ya kaɗa ƙararrawa, ya ga ko fitilar gaba da jan madubin baya suna nan. Kowane keke ya kasance da famfo, da 'yar jaka mai sifana da faci da sholisho da samfefa da robar bawul.

Akwai abin da ba na zaure ba ne. In aka ga tsaga a jikin ƙarfen keke, musamman kusa da wuya ko a gindin kai, ko ƙarfe biyun da suka riƙe ƙafar gaba sun lanƙwashe baya bayan karo, ko fenti ya tattare a wurin kamar fatar tsoho, kada a bari kowa ya hau, ko da zuwa kasuwa ne. A tura shi da hannu zuwa wurin mai gyara, a rubuta a littafi ranar da aka tsayar da shi.